DARASI: MAI YAƊA HOTON KISA ƊAN AIKIN WA NE?

 

Ya ɗan'uwana matashi, ka bar ni in yi maka wata tambaya. Ran da hoton gawa ya faɗo cikin wayarka, kai kuma ka tura wa mutum goma, wa ka yi wa aiki? Na san za ka ce kishin addini ne, kana so mutane su san halin da ake ciki. To, saurara.

Ranar Juma'a 15 ga Maris, 1919 ba ce, 2019 ce, watau jiya-jiya, wani azzalumi ya shiga masallatai biyu a birnin Christchurch na ƙasar Niyuzilan, Masallacin Al Noor da na Linwood, ya buɗe wa masallata wuta. Mutum 51 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Abin lura a nan shi ne, wannan mutum bai zo da bindiga kaɗai ba. Ya ɗaura kyamara a hularsa, yana kisa Facebook na nunawa kai tsaye, har wajen minti 17. Kamfanin da kansa ya ce waɗanda suka kalla a lokacin ba su kai 200 ba. Amma cikin awa 24 na farko sai da ya goge ko ya tare kwafi miliyan ɗaya da rabi na wannan bidiyo. Ka gani? Daga 200 zuwa miliyan ɗaya da rabi, ba shi ya yi wannan aiki ba, ai yana hannun 'yan sanda. Mutane ne suka yi masa dako kyauta, cikinsu har da masu kuka suna turawa.

Me ya biyo baya? A watan Afrilu na wannan shekara wani ya kai hari wurin ibadar Yahudawa a Poway, Amurka. A watan Agusta wani ya kashe mutane a wani kanti a El Paso, mutum 23 suka mutu. Mako guda bayan haka wani ya afka wani masallaci kusa da Oslo a Norway, Allah Ya sa wani dattijo mai shekara 65 ya danne shi. A 2022 wani ya kashe baƙar fata 10 a Buffalo, shi ma da kyamara a kansa. Dukansu sun ambaci na Christchurch a matsayin abin koyi. Shi ya sa Firayim Minista ta lokacin, Jacinda Ardern, ta ce ba za ta taɓa kiran sunansa ba, domin suna yake nema. Ni ma ka ga ban rubuta shi ba. Gwamnatinsu kuwa ta haramta bidiyon, har an ɗaure wani saboda yaɗa shi.

Kada ka ce wannan can ne ƙasar Turawa. A watan Yuni 2018 hotuna suka cika Facebook ana cewa ga abin da Fulani ke yi wa Berom a Jihar Filato. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikinsu a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Amma wa ya tsaya bincike? Aka tare hanya, aka fizgo mutum 11 daga motoci aka kashe, matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Yanzu za ka ce ai mu aka zalunta. Gaskiya ne. Sai dai ka tambayi kanka, hoton da kai ka tura bara, ka san garin da aka ɗauke shi? Ka san shekarar?

Sa'an nan akwai wata illa wadda ba a gani da ido. Ɗan jarida ba ya ba da labarin motoci dubu da suka isa Kaduna lafiya, sai guda ɗaya da aka tare. Sana'arsa ke nan, ban zarge shi ba. Amma wanda ya kwana ya tashi cikin irin wannan labari, sai zuciyarsa ta cika da tsoro, ya riƙa ganin kowane baƙo maƙiyi ne. Wani malamin jami'a a Amurka, George Gerbner, ya daɗe da nuna haka tun shekarun 1970: masu yawan kallon talabijin sun fi zaton za a cuce su, sun fi ƙin amince wa mutane. Matsoraci kuwa shi ne saurin ɗaukar gora.

Ɗauki Alƙur'aninka ka duba aya ta 83 a Suratun Nisa'i, inda aka zargi masu gaggawar watsa labarin tsoro ko na aminci ba tare da mayar da shi ga masana ba. Ka haɗa da aya ta 6 a Suratul Hujurati. Masu tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne a kan Banu Musɗaliƙ, da aka kawo labarin sun hana zakka har sun yi shirin faɗa, saura kaɗan a yaƙe su, ashe fitowa suka yi tarbar manzon da aka aiko musu. A halƙar mako mai zuwa kowa ya zo da tafsirin ayoyin nan biyu, ya zo kuma da wayarsa, za mu duba abin da ya tura cikin kwana bakwai.