Amsoshin Tambayoyinku: Zan iya zuwa wata ƙasa aikin sa kai na koyarwa?

TAMBAYA: Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati. Ina da digiri a fannin koyarwa, na shekara takwas ina aiki, ina da mata da 'ya'ya uku. Na daɗe ina jin labarin masu zuwa wasu ƙasashe aikin sa kai na shekara ɗaya ko biyu, suna koyarwa ko suna taimaka wa mutanen karkara. Kwanan baya wani ya ce in kawo naira dubu ɗari takwas zai samo mini gurbi a Turai. Shin mutum irina zai iya samun wannan dama? Ta wace hanya? Ana biyan albashi? Kuma aikin yana amfanar mutanen da ake je wa, ko yawon buɗe ido ne kawai? Daga wani malami a Gusau, jihar Zamfara.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan kyakkyawar niyya. Damar tana nan, kuma mai ilimi da gogewa irinka shi ake nema. Amma kafin komai, riƙe kuɗinka a aljihu har ka gama karanta wannan amsa.

Barin gida don koyarwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga sannan a Kete-Krachi da ke Ghana ta yau, yana karantarwa har ya rasu a 1934, kuma har gobe ana ambatonsa a zangunan ƙasar. Abin da yake sabo shi ne tsara aikin a ƙarƙashin hukuma, da wa'adi da alawus da takardar yarjejeniya. Wannan ya fara ƙarfi ne da ƙungiyar VSO da Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa a Ingila a 1958. A 1961 Shugaba John Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, rukuninta na farko kuma Ghana ya sauka a wannan shekarar. Dattawa da yawa da suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1960 sun tuna da waɗannan malamai. A Nijar 'yan Peace Corps sun yi aiki daga 1962 har zuwa 2011, lokacin da matsalar tsaro ta sa aka kwashe su, kuma da yawansu sun koma gida da Hausa ko Zabarmanci a bakinsu. Sai dai Peace Corps ta 'yan Amurka ce kaɗai, kamar yadda shirin Japan da aka fara a 1965 yake na 'yan Japan. Duk wanda ya ce zai shigar da kai ɗaya daga cikinsu, ƙarya yake yi.

Ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce ta ƙasarka. A 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, Najeriya ta kafa shirin Technical Aid Corps, wanda aka fi sani da TAC. Hikimar shirin ita ce maimakon a riƙa ba ƙasashe 'yan'uwa tallafin kuɗi, a tura musu ƙwararrun mutane. Ana tura malaman makaranta da na jami'a, likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi da masana aikin gona zuwa ƙasashen Afirka da na yankin Karebiyan da tsibiran Fasifik, na tsawon shekara biyu. 'Yan Najeriya sun koyar a Jami'ar Gambiya da Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale, sun yi aiki a Saliyo da Zanzibar, har Jamaika da Fiji. Ƙasar da ke da buƙata ce ke rubutowa ta faɗi irin ma'aikatan da take so, hukumar da ke Abuja ta fitar da sanarwa, a tantance masu nema, a yi musu bita kafin tafiya. Malaman lissafi da kimiyya suna cikin waɗanda aka fi ƙaranci a kusan ko'ina, don haka fanninka abin so ne.

Ƙofa ta biyu ita ce shirin masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNV, wanda aka amince da kafa shi a 1970, hedikwatarsa kuma tana birnin Bonn na Jamus. Shi ɗan kowace ƙasa zai iya nema. Mutum zai yi rajista a shafinsu na intanet, ya sa takardunsa da tarihin aikinsa, sannan ya nemi gurbin da ya dace da shi idan an tallata. Akasarin guraben a ƙarƙashin hukumomi irin su UNICEF da hukumar kula da 'yan gudun hijira suke, kuma an fi neman mai tsara shirin ilimi ko horar da malamai a kan mai shiga aji kullum. Gasa tana da zafi, wanda ya iya Faransanci ko Larabci bayan Turanci kuma ya fi samun shiga.

Akwai kuma shirin matasa masu aikin sa kai na Tarayyar Afirka, wanda aka ƙaddamar a Abuja a 2010. Yana tura masu digiri waɗanda ba su wuce shekara 35 ba zuwa wata ƙasar Afirka da ba tasu ba na wata 12. ECOWAS ma tana da nata, wanda ya tura malamai da ma'aikatan lafiya ƙasashen da suka fito daga yaƙi irin su Laberiya da Saliyo. Ita kanta VSO ta daɗe da daina taƙaita ɗauka ga Turawa. Turai kuwa, inda mutumin naka ya ambata, guraben ba su da yawa. Jamus tana da shirin weltwärts da ke karɓar matasa daga ƙasashe masu tasowa, amma na 'yan shekara 18 zuwa 28 ne, kuma ta hannun ƙungiyoyin da aka amince da su ake shiga. Gaskiyar magana, mafi yawan aikin sa kai na koyarwa yana ƙasashe masu hali irin namu, inda ake da ƙarancin malamai. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara.

Batun albashi: babu albashi, alawus ake bayarwa. A shirin TAC gwamnatin Najeriya ce ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓi mutum kuma ta ba shi masauki. UNV tana ba da kuɗin ci da sha da haya duk wata, da inshorar lafiya, da ɗan abin kama sana'a ko zama idan wa'adi ya cika. Mai tattali zai iya rage wani abu, musamman ganin yadda naira ta faɗi, amma wanda ya tafi da lissafin gina gida da sayen mota zai dawo da ɓacin rai, kuma ɗalibansa za su gane tun da wuri cewa hankalinsa ba ya wurinsu.

Daga nan za ka ga matsalar mai neman naira dubu ɗari takwas. Shirin gaskiya shi ke kashe maka kuɗi, ba kai ke biyansa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata ko masu sa kai, kuma tana yawan nanata haka. Tambayi mutumin sunan ƙungiyar, sunan makarantar da za ka koyar, da irin bizar da za a ba ka. Idan ya ce bizar yawon buɗe ido ce, “in ka isa za a gyara”, to akwai lauje cikin naɗi, don koyarwa na shekara guda da irin wannan biza karya doka ne a yawancin ƙasashe. Idan ya ce ka tura kuɗi a asusunsa na kansa, ko ka ba shi fasfonka ya riƙe, ko ka yi sauri kada gurbi ya ƙare, rabu da shi. Da irin wannan zaƙin baki aka yi safarar mutane da yawa zuwa aikin bauta. Idan ka ga alamar haka, sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, ko don ka ceci wani.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi. Aikin yana amfani, amma da sharaɗi, kuma tsawon zama shi ne sharaɗi na farko. Akwai kamfanonin da ke karɓar kuɗi a hannun matasan ƙasashe masu arziki su kai su makaranta ko gidan marayu na mako biyu. Yara su shaƙu da baƙo, ya tafi, wani ya zo ya sake farawa daga ABCD. Har ta kai an gano gidajen marayun da ke raba yara da iyayensu don jawo irin waɗannan baƙi, abin da ya sa Ostireliya a 2018 ta lissafa wannan cikin nau'o'in bautar zamani. Mai zaman shekara biyu kuwa yana da lokacin da zai san manhajar ƙasar, ya gane jarabawar da yaran ke fuskanta, ya raka aji ɗaya daga farkon zango har sakamako. Watannin farko na koyo ne, aikin kirki sai daga baya.

Sharaɗi na biyu shi ne abin da zai rage bayan ka tafi. Baƙo raɓa ne. Idan ka koyar da aji shida da kyau na shekara biyu, ka taimaki waɗannan yara, Allah kuma zai ba ka lada. Amma idan ka zauna da malaman lissafi na makarantar kuna tsara darasi tare, kuka haɗa kayan koyarwa da kwali da murafen kwalba da ake samu a garin, ka bar musu tambayoyin gwaji da suka san yadda za su sabunta, to ka taimaki yaran da ba za ka taɓa gani ba. Haka abin yake a raya karkara. Kowa ya san rijiyar burtsatsen da aka yi bikin buɗewa, bayan shekara ta lalace aka rasa mai gyara, saboda ba a kafa kwamitin kula da ita ba, ba a koya wa kowa gyara ba, ba a ma tambayi matan da ke ɗiban ruwan inda suke so a haƙa ta ba. Aikin da mutanen gari ba su ɗauka nasu ba, ranar da baƙo ya hau mota ranar yake fara mutuwa. Ka kuma tabbata ba gurbin wani malamin ƙasar da ke zaune ba aiki aka ba ka don kai ba a biyanka albashi.

Sharaɗi na uku ladabi ne. Sai da ɗan gari kan ci gari. Koyi gaisuwa da harshensu tun makon farko, ko Mandinka ne a Gambiya, ko Kiriyo a Saliyo, ko Suwahili a Zanzibar. Gaida shugaban makaranta da masu gari, ka halarci suna da jana'iza, ka rage faɗin “a ƙasarmu ba haka ake yi ba”. A 1961 wata 'yar Peace Corps a Ibadan ta rubuta wa wani abokinta kati tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Mu da aka yi wa haka muka ji zafi bai kamata mu je mu yi wa wasu ba. A yau katin shi ne Facebook da WhatsApp: kada ka ɗauki hoton 'ya'yan mutane cikin tsumma ka watsa don a yaba maka.

Kafin ka nema, Malam, gyara gida. Yawancin waɗannan shirye-shirye ba sa ɗaukar nauyin tafiya da iyali, don haka zauna da maiɗakinka da iyayenka ku yi shawara ta gaskiya: wa zai kula da cefane, kuɗin makaranta da asibiti, kuma sau nawa za ka iya zuwa ganin gida. Haƙƙin iyali wajibi ne, aikin sa kai kuwa nafila. Nemi izinin ma'aikatarka a rubuce, da bayanin matsayin albashinka da ƙarin girma da fansho, kada ka dawo ka tarar an cire sunanka. Ka tuna kuma da ɗalibanka na yanzu, ka ba hukumar makaranta isasshen lokaci ta samo wanda zai karɓi ajinka. Tanadi fasfo, katin rigakafin cutar shawara, takardun karatu na asali, rajistarka ta hukumar malamai ta TRCN, da wasiƙun shaida daga waɗanda ka yi aiki a ƙarƙashinsu. Karanta yarjejeniya layi-layi kafin sa hannu, musamman abin da ya shafi rashin lafiya, kwashe mutum idan rikici ya tashi, da tikitin dawowa. Tambayi waɗanda suka je suka dawo game da masallaci, abinci da tsadar rayuwa a garin.

Shawara ta ƙarshe: fara daga inda kake. Masu tantancewa sukan tambayi aikin sa kan da mutum ya taɓa yi a garinsu. Darasin yamma kyauta ga masu shirin jarabawar WAEC, ajin yaƙi da jahilci na manya, ko koyar da yaran da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, duk suna nan kusa da kai a Gusau, kuma za su nuna maka ko kana da haƙurin wannan aiki. Idan ka gwada ka ga zuciyarka ta natsu, nemi TAC ko UNV da kanka ta shafukansu na hukuma, ba tare da ɗan tsakiya ba. Naira dubu ɗari takwas ɗin kuma ka bar wa iyali. Allah ya yi jagora, ya sa ilimin da za ka bayar ya zama mai amfani a duk inda ka sauka.