Yaron da ba ya ƙiwa

Iyali daga Ostareliya ko Ingila sukan sauka a Siem Reap ta ƙasar Kambodiya, uba da uwa da 'ya'yansu, da niyyar yin mako biyu suna aikin sa kai a gidan marayu. Abin da suke fara ambata shi ne zafi da gumi, da kekunan tuk-tuk, da ginin Angkor Wat. Amma abin da ke zama a zuciyarsu shi ne tarbar yara: tun kafin a ajiye jaka, wani ɗan shekara huɗu ya riƙe hannun matar, wani ya haye cinyar mijin. Su suna ɗaukar wannan a matsayin ƙauna. Mu masu aikin kula da walwalar yara kuwa, nan hankalinmu ke tashi. Yaron da ya tashi a hannun mai reno ɗaya yana ƙiwa, in ya ga baƙo sai ya laɓe a bayan uwarsa, kuma wannan alamar lafiya ce. Wanda ke faɗawa jikin duk wanda ya shigo, sau da yawa yaro ne da ya saba da fuskokin da ke zuwa su tafi, har ya rasa wanda zai kira nasa. Iyalin da suka yi mako biyu suka koma gida sun ƙara masa rabuwa ɗaya a kan waɗanda suka gabata.

Za a ce, ai maraya ne, rungumar mako biyu ta fi babu. Sai dai yawancinsu ba marayu ba ne. Binciken da UNICEF ta tallafa aka fitar a 2011 ya nuna gidajen renon yara a Kambodiya sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran suna da uwa ko uba a raye. Talauci da neman makaranta ne suka raba su da gida. Gidajen sun yawaita ne a daidai lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido da masu aikin sa kai ke ƙaruwa, domin inda kuɗi ke shigowa saboda yara, to za a nemo yaran. Shi ya sa Ostareliya, wadda 'yan ƙasarta da yawa ke zuwa irin wannan aiki, ta amince a 2018 cewa safarar yara zuwa gidajen marayu don neman kuɗi nau'i ne na bautar zamani.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ban raina ta ba: in baƙi suka daina zuwa, wa zai ciyar da yaran? Ba wanda ya ce a janye hannu. Kuɗin jirgin mutum huɗu da na masauki, in aka bi da shi ta hannun masu biyan kuɗin makaranta da tallafa wa iyaye da jari, zai riƙe yara da dama a ɗakin iyayensu. Binciken da aka fara a Bukares ta Romaniya a 2000 ya gano cewa yaran da aka fitar daga gidajen reno aka ba wa iyalai riƙo sun fi waɗanda aka bari a can bunƙasa ta fuskar basira da magana, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Ruwanda ma ta kama wannan hanya tun 2012, tana mai da yara cikin iyalai. Mu nan mun san riƙo, mun san yadda goggo ko kawu ke ɗaukar ɗan marigayi, don haka ya kamata mu ma mu duba yadda muke kai ziyara gidan marayu da azumi, mu ɗauki hoto mu wuce.

Iyalin da suka riga suka sauka su dubi abu ɗaya: an binciki tarihinsu kafin a bar su da yara? In kuɗi kawai aka karɓa aka buɗe musu ƙofa, haka za a buɗe wa mai mugun nufi gobe.