Samarinmu da Suka Kwanta a Bama

Ɗalibai, kun san inda barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa? Daga yaƙin Bama ne. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta ɗebi samarin Arewa, wasu ba su girme ku sosai ba, ta haye teku da su don yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta fafata a kwarin Kaladan a 1944. A Janairun 1945 ita da ta 82 suka kama Myohaung. Harsashi da zazzaɓi sun hana da yawa dawowa. Sunayen waɗanda ba a san kabarinsu ba suna rubuce a makabartar Taukkyan, kusa da Rangun. In kun je hutu Yelwa, Ngaski ko Shanga, ku tambayi kakanninku wa ya tafi daga gidanku. Ku rubuta, kada sunansa ya ɓace.