Uwargida da Gidan Haya: Takarda Kafin Tubali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W).

Abin da ya sa na ɗauko wannan darasi shi ne abin da ya sami wata ɗalibata a ajin matan aure. Baiwar Allah ta sayar da gwal ɗinta, ta haɗa da kuɗin adashi, ta ba maigidanta ya saya mata fili, aka gina ɗakuna uku aka zuba 'yan haya. Da Allah Ya yi masa rasuwa, sai ga takardar fili da sunansa. Ba shaidu, ba rubutu. Gidan ya shiga cikin gado, ita kuwa tumunin takaba kawai ta samu, shi ma ta raba da abokiyar zamanta. Mamacin bai yi niyyar cutarta ba, sakaci ne da kunya.

Musulunci ya ba mace cikakken iko a kan dukiyarta. Sadakinki, gadonki da ribar sana'arki naki ne, kuma ba da haya halal ne, malaman fiƙihu sun yi bayaninsa a babin Ijara. To ta ina mai farawa za ta fara?

Na farko, sunanki a takarda. Ko maigida ne ko Yaya zai tsaya miki, a rubuta cewa wakilinki ne, ke ce mai saye, shaidu su sa hannu. Wannan ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ki yi wa maigida maganar cikin ladabi, ki ce, "Malam, rai a hannun Allah yake, mu rubuta saboda yaran nan."

Na biyu, bincike kafin biya. A Nijeriya, dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma sai da amincewarsa ake mayar da ita ga wanda ya saya. Saboda haka a kai lambar takardar ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a tabbatar ta gaskiya ce. In awon igiya ne, a je wurin mai unguwa da maƙwabta a ji tarihin filin, a kuma tabbatar ba hanya ba ce, ba filin makaranta ko maƙabarta ba. In gidan gado ne, kada ki biya sai an raba, ko dukkan magada sun yarda a rubuce. Sannan ki je ki ga wurin da damina. Filin da ya yi kyau da rani, wataƙila kududdufi ne a watan Agusta.

Na uku, lissafi. Misali, kin kashe naira miliyan 6, haya tana kawo dubu 600 a shekara. A ido, shekara 10 ne kuɗinki zai dawo. Amma fa ki cire la'adar dillali, gyaran yoyo, kwashe shadda, fenti, da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Babban gyara irin na rufi da bango a kan mai gida yake, ba a kan ɗan haya ba. Don haka ki fara da daidai ƙarfinki, ɗaki ɗaya ko shago ɗaya, domin da rarrafe yaro kan tashi. Ki guji bashi mai ruwa, riba ce. In dole sai da banki, akwai waɗanda ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, amma ki karanta sharuɗɗan sosai.

Na huɗu, ɗan haya. Ki san sana'arsa da wanda ya tsaya masa. A rubuta kuɗin haya, ranar shiga, ranar ƙarewa, da wanda zai biya wuta da ruwa, kuma duk biya a ba shi rasit. Kada ki ba da shagonki ga mai sayar da haram. In ɗan'uwa ne ya shiga, shi ma a rubuta, don zumunci ya fi lalacewa a inda aka yi kara. Wanda kuma ya shiga matsi na gaskiya, ki ɗaga masa ƙafa, akwai lada.

Na biyar, zakka. Gidan da aka ajiye don haya babu zakka a kansa, a kan kuɗin hayar take. A mazhabar Malikiyya, in kuɗin ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinari, kuma ya shekara a hannunki daga ranar da kika karɓa, sai ki fitar da ɗaya cikin 40.

'Yar'uwa, in kina da fili ko gida a yanzu, yau ɗin nan ki ɗauko takardar ki duba sunan wa ke jiki. In da gyara, a gyara tun kowa yana raye.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Wassalamu alaikum.