Nazari a Kan Kuɗin Gudanar da Ƙananan Jiragen Ƙasa na Cikin Birni

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba dalilin da ya sa ƙaramin jirgin ƙasa na cikin birni ke kasa ɗaukar nauyin kansa, ko da yake ana ganinsa da araha a lokacin shimfiɗa shi.

Kashe-kashen Kuɗin Gudanarwa

Kuɗin gudanarwa iri biyu ne. Na farko shi ne mai bin yawan zirga-zirga, kamar wutar lantarki da albashin direbobi. Na biyu kuwa tsayayye ne, wato kula da layin dogo da tashoshi da ɗakin sarrafa jirage. Wannan ba ya raguwa don tarago ya ƙanƙanta. Ke nan idan fasinjoji suka yi kaɗan, sai kason da ke kan kowannensu ya yi nauyi, ko da an kawar da direba.

Misalai Uku

A birnin Ditiroyit na Amurka an buɗe jirgi marar direba a 1987, mai zagaye na kilomita 4.7 da tashoshi 13. Da yake tsakiyar birni kawai yake kewayawa, ba ya kai mutane unguwanninsu, kuɗin tikiti bai taɓa biyan ɗawainiyarsa ba. A 2024 ma sai aka mai da hawansa kyauta, ya dogara ga tallafi.

A Sidini ta Ostareliya kuwa, jirgi mai tafiya kan dogo ɗaya da aka buɗe a 1988 bai haɗu da babbar tashar birnin ba. Gwamnatin jiha ta saye shi a 2012, aka rufe shi a 2013, aka kuma kwance shi.

Amma na Mogantawun a Amurka, wanda ya fara aiki a 1975, ya ɗore. Taragunsa na ɗaukar kimanin mutum 20 ne kacal, sai dai yana haɗa sassan jami'ar garin, kuma kuɗinsa yana cikin abin da ɗalibai ke biya kowane zango.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ɗorewar irin wannan jirgi ta rataya ne a kan abu biyu: tabbatattun fasinjoji na kullum, da sanin wanda zai cike giɓin kuɗi tun kafin a kafa ginshiƙi na farko.