Hayaƙin Murhu da Ƙirjin Ɗan Goye

Da zarar hunturu ya kama, layin iyaye mata a ƙaramin asibitin da nake aiki sai ya ƙaru, kuma kukansu kusan ɗaya ne: tari, majina, numfashi sama-sama. Idan na tambayi uwa me take ganin ya jawo, sai ta ce sanyi ne ya shige yaron, ko ya sha ruwan randa. Ni kuwa tambayata ta gaba ita ce: "Maman yaro, da me kike girki, kuma ina yake lokacin da kike hura wuta?" Amsar ba ta cika sauyawa ba. Da ice ko gawayi, shi kuma yana goye a baya.

Duk macen da ta taɓa fama da ɗanyen ice ta san abin da nake faɗa. Kin durƙusa, kin kai baki dab da murhu, icen yana huci yana tsiyayar ruwa ta gindi, idonki yana zubar da hawaye. Ke kina iya kau da kai ki shaƙi iska. Wanda aka ɗaure da majanyi fa? Huhunsa ƙarami ne, numfashinsa ya fi naki sauri, don haka rabon da yake samu na hayaƙin ya fi ƙarfin jikinsa. A cikin hayaƙin nan akwai ƙura mai laushin da ido ba ya gani, gashin hanci ba ya tare ta, sai ta dangana da can cikin huhu. Ki ɗaga kai ki dubi kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a rufin kicin ɗinki, iskar da ta bar ta a nan ita ce ku biyun kuke zuƙa safe da yamma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Limoniya ce ke yawan ɗaukar yaran. Iyayen kuma sai girma ya zo ake ganin abin: tsohuwa ba ta taɓa kai taba bakinta ba, amma ga tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga haki in ta ɗan taka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kunna wuta da leda. Kananzir ya yi tsada, sai a ɗauko ledar fiya wata, ko guntun tsohon silifa, ko yankin taya, a ɗiga a kan gawayi. Wuta kam tana kamawa nan take, ba musu. Amma roba in ta ƙone tana fitar da guba, wasu daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma a kan wannan wutar ake ɗora tukunyar kunun yaro. Kirare, karmami, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, busasshen ɓawon rake, duk suna tayar da wuta, kuma da su iyayenmu suka yi aure suka aurar.

Gawayi ma kada rashin hayaƙinsa ya ruɗe mu. Yana fitar da wata iska marar launi marar wari, irin wadda janareta ke fitarwa, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Kaskon garwashi a ɗakin mai jego, an rufe ƙofa an toshe taga saboda sanyi, wannan kasada ce da rai. Ciwon kai da jiri ne farkonta, wanda barci ya ɗauke kuma ba lallai ya farka ba.

Na san za a ce a koma gas. Wanda Allah ya hore wa ya koma, shi ya fi. Sai dai ba zan zauna in yi wa matar da ke auna garin tuwo da gwangwani wa'azin tukunyar gas ba. Abin da nake ce mata bai wuce wannan ba: ki sauke goyo kafin ki hura wuta, ki ba yayarsa ko kakarsa. Ki shanya ice ya bushe. In hali ya yi ki girka a tsakar gida, in a kicin ne a fasa masa taga ta sama. Ki rufe tukunya, ki jiƙa wake tun dare. Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafin wuta ta gefe, in aka kewaye shi da laka aka bar ƙofa ɗaya, icen da yake ci sai ya ragu.

Ragin icen nan ba aljihu kaɗai yake taimaka wa ba. Kafin a sami buhun gawayi ɗaya sai an ƙone icen da ya ninka nauyinsa sau da yawa, kuma kowa na ganin motocin da ke shigowa gari da shi maƙil. A yankunan Maraɗi da Damagaram, manoma sun dawo da miliyoyin bishiyoyi, musamman gawo, ta hanyar ƙyale tohon da ke fitowa daga kututture suna yi masa aski, suna kuma samun icen girki daga rassan da suka rage. Ba abin da zai hana a yi haka a gonakinmu.

Iyaye mata, ku riƙe wannan: in yaro yana tari, ku buɗe rigarsa ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ko daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ko kuka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, a kawo shi asibiti a ranar, kada a tsaya sayen maganin tari a kemis.

Ku kuma magidanta, fasa taga da sayen busasshen ice ba aikin uwargida ba ne, naku ne. Yau in an ɗora tukunyar dare, a daure a leƙa kicin a tsaya minti biyar.