Me Ke Ɗaukaka Gida: Samu, Dukiya ko Tarbiyya?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai raba arziki tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a nan Yekuwa da sauran garuruwan Magariya da Dungas mun saba cewa "gidan wane babban gida ne". Da wannan magana ake ba da aure, da ita ake hanawa. To, da wane ma'auni muke awo? Darasinmu zai duba abu uku.

Na farko: samu

Samu shi ne abin da ke shigowa hannu: albashi, ribar kasuwa, kuɗin cin rani. Shi ya fi ɗaukar ido, shi ya fi saurin gushewa. Dattawanmu sun ga zamanin da gyaɗa ta cika hannun manoman Magariya da kuɗi, har farin 1973 da 1974 ya zo, ciwon gyaɗa ya biyo baya, kasuwar ta faɗi. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi. A Agustan 2023 aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar, ciniki ya tsaya wata da watanni.

Shari'a ma ba ta ɗauki samu shaidar wadata ba. Kuɗi ba sa wajabta zakka sai sun kai nisabi, wato kimar dinari 20, kusan giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo suna hannu. Mai samun da yawa yana cinyewa, bai shiga sahun mawadata ba.

Na biyu: dukiya

Dukiya ita ce abin da ya tabbata: gona, garke, rijiya, rumbu. Nisabin shanu 30 ne, na tumaki da awaki 40, na raƙuma 5. Malaman Malikiyya sun bayyana faƙiri da cewa shi ne wanda abin hannunsa ba zai ci da shi shekara ba. Ku lura, da shekara aka auna, ba da ranar kasuwa ba.

Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. Ta kasa gidajen manoma kashi 4, kuma ma'auninta shi ne: wane gida zai jure idan damina ta ɓaci? Mu ma mun ga wannan awo a yunwar 1984 da ta 2005. Mai rumbu ya ci nasa. Marar rumbu ya bar gonarsa a tsakiyar damina ya tafi ƙwadago a ta wani, ya ci bashin hatsi da tsada, ya biya da kaka lokacin araha, daga ƙarshe ya jinginar da gonar. Don haka a sha'anin duniya dukiya ta fi samu nuna matsayin gida.

Amma ita ma tana da iyaka. Ƙasarmu ta cika da jama'a, gona kuwa ba ta haihuwa. Gonar da ta riƙe kaka, in an raba ta gado sau biyu, ba ta cika rumbun jika.

Na uku: tarbiyya

Nan ne kuskurenmu ya fi yawa, domin muna haɗa tarbiyya da asali. Asali shi ne gidan da aka haife ka, ba ka da hannu a ciki. Al'ada ta jera mutane: masu sarauta, malamai, attajirai, talakawa, kana ta mayar da wasu sana'o'in gado baya, kamar fawa da kiɗa. Tarbiyya kuwa aiki ce da iyaye ke yi kullum: karatu, sana'a, gaskiya, riƙon amana, kunya, tattali.

Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta sanar da mu cewa an yi mu ƙabila ƙabila domin mu san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne. Manzon Allah (SAW) ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa. Abu Huzaifa ya aurar da 'yar ɗan'uwansa ga Salim, wanda shi ma 'yantacce ne. A mazhabar Imamu Malik, abin lura a dacewar ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke ɓata aure, ba nasaba ko yawan kuɗi ba.

Ko ta fuskar duniya, tarbiyya ce ke tsaron dukiya. Ku dubi gawo. Tun wajen 1985 manoman Magariya da Matamai da Mirya suka koma barin 'yan gawo suna tashi a gona, suna yi musu sassabe, har ƙasa ta farfaɗo. Wanda ya koya wa ɗansa wannan haƙuri ya ƙara masa gona ba tare da ya sayi ko taki ɗaya ba. Wanda ya bar wa ɗansa garke bai bar masa hali ba, dillalai ya tara wa.

Abin da za mu ɗauka

1. Mai samu ya mayar da wani abu na samunsa abin da zai tabbata. Kada a sayar da gona don biki.

2. Mai dukiya ya fitar da zakka, kada ya mai da yunwar maƙwabcinsa hanyar raba shi da gonarsa.

3. Mai 'ya ya binciki sallar manemi da halinsa da sana'arsa ta halal. Kada ya kore shi don sana'ar kakansa, kada ya karɓe shi don babur ɗinsa.

4. Talaka kada ya yanke ƙauna. Gona da garke ba kowa ke iya bar wa 'ya'ya ba, amma tarbiyya ƙofarta a buɗe take ga kowane gida.

Allah Ya ba mu arziki mai albarka da zuriya ta gari. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.